Sunan Akawun Tashar Gagarawa

Shekarar da aka yi babban fari, wanda ya koro mutanen Damagaram da ragowar dabbobinsu suka cika bakin Maigatari, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Gumel. Ban cika ashirin ba. A wurin gwaggona nake zaune, ƙanwar babana, wadda mijinta ya rasu ya bar mata injin niƙa a ƙofar gida. Tsohon inji ne, sati ba ya fita bai tsaya ba. In ya tsaya kuma matan unguwa su jera ƙorai su zauna suna mita, kamar gwaggo ce ta hana shi tashi.

Wata Asabar ya ƙi tashi tun da safe, gwaggo ta aika tashar mota a nemo mai gyara. Aka zo da wani baƙon bakanike, dogo, baƙi, da tabo a gefen wuya. Hausarsa ta Kano ce zalla. Ya kwance injin nan ya jera ƙarafan a kan buhu, yana ta aiki har azahar. Da aka kira salla ya roƙi buta, ni na kai masa.

Ya ce, "Malama, an ce ke 'yar Gagarawa ce."

Na ce haka ne.

"Wane gida?"

Na ce gidan mai kantin bakin tasha. Ya gyaɗa kai ya fara alwala. Da gwaggo ta tambaye shi asalinsa, ya ce shi mutumin ƙasar Igala ne, can wajen kogi, iyayensa sun rasu yana ƙarami, a Kano ya tashi a hannun wani mai gareji. Babu wanda ya ga abin tambaya a ciki. Shekara uku ke nan da gama yaƙin basasa, garuruwanmu cike suke da mutanen da yaƙi ya watso, kowa da guntun labarinsa.

Babana mutum ne mai fara'a a waje. Kantinsa yana kallon tashar jirgin ƙasa, yana sayar da kananzir da sabulu da gishiri da ashana, da la'asar kuma ya zauna dara a gindin durumi. Ina ƙarama abokin darar tasa shi ne akawun tasha, wani Ibo mai ƙaton ciki da yawan dariya. Kowa Akawu yake ce masa. Shi ya matsa wa Baba har ya sa ni a makaranta, shi ya ba ni fensirina na farko. Da aka yi rikicin nan na kafin yaƙi, lokacin da aka yi ta kashe 'yan kudu, ina Ɗanzomo wurin kakata. Da na dawo na tarar gidan Akawu a rufe, aka ce mini sun tafi garinsu.

Tun daga wannan shekarar Inna ta canza wa Baba. Tana yi masa tuwo, tana wanke masa kaya, in ya yi magana ta ce to. Amma ban sake jin ta yi dariya yana gida ba. Na ɗauka haka aure yake komawa in ya tsufa. Ta rasu ina ajin ƙarshe a makarantar horon malamai. Cikin 'ya'yan da ta haifa ni kaɗai na rayu, Baba kuwa bai sake aure ba.

Ba a yi wata biyu da gyaran injin gwaggo ba na ji bakaniken nan ya fara zuwa Gagarawa a kan babur ɗinsa, wai gyaran injin ruwa. Ya gyara wa Baba keke, ya gyara masa sikelin kanti, ya ƙi karɓar komai. Duk zuwan da zan yi gida sai Baba ya yi mini zancensa. "Mutumin nan ɗan halak ne. Da Allah ya bar mini namiji, irinsa nake so."

Na so shi. Wannan ina so in rubuta shi a fili, domin daga baya mutane sun yi ta cewa asiri ya yi mini, wasu kuma suka ce Baba ne ya ba shi ni. Babu ko ɗaya. Duk Alhamis in ya dawo daga kasuwar Maigatari sai ya kawo mini cuku a cikin takarda, ya zauna a zauren gwaggo yana taya ni duba littattafan 'yan ajina. Ya fi ni Turanci. Da na yi mamaki ya ce a bakin direbobi ya tsinta. Ba ya da yawan magana, amma in ina magana yana saurare har in gama, abin da ban taɓa gani a wurin wani namiji ba.

Aka ɗaura aure bayan kaka ta gaba. Ya kama mana gida a Gumel, kusa da tashar mota. Cikin kayan ɗakina har da keken ɗinkin Inna, baƙi mai zanen furanni ruwan zinariya, wanda a kansa na koyi ɗinki. Kwana biyu da tarewa na shigo ɗaki na same shi tsaye a gaban keken, ya ɗora hannu a kan murfin katakon, daidai inda dutsen guga ya taɓa ƙona shi.

"Ina Baba ya samo wannan?"

Na ce na Inna ne, Baba ya saya mata lokacin da ma'aikatan tasha 'yan kudu suka tashi.

Ya ce, "Ya saya." Daga ranar duk Juma'a da safe shi yake zuba wa keken mai, ya goge shi da tsumma, ya mayar da murfin.

Shekara ɗaya da rabi muka yi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Akwai dai abubuwan da na gani na kau da kai. Bai taɓa cin abincin gidanmu na Gagarawa ba. Suruki ya ƙi ci a gaban surukinsa kunya ce, kowa ya sani, amma shi ko an kai masa zaure shi kaɗai, haka kwanon zai dawo, ko ruwa ba ya sha. Sannan wata rana ya ɗauke ni a babur zuwa Maigatari barkar wata 'yar gwaggo. A bakin kara, kasuwar dabbobi, wani direban motar shanu, mutumin kudu, ya ƙura masa ido, ya ɗaga murya ya kira shi da wani yare. Maigidan bai waiga ba, ya ƙara wuta. Sai da muka isa gidan barkar ya tsaya.

Ya ce, "Ya ɗauka ni wani ne."

Na ce to. Ina da ciki wata biyar, ba na son in san komai.

Da cikin ya tsufa aka mayar da ni Gagarawa haihuwa, gwaggo ta rufe injinta ta biyo ni don ta yi mini wankan jego. Na haifi namiji. Ranar suna liman ya raɗa masa sunan da ubansa ya zaɓa, aka yanka rago, aka yi duk abin da ake yi. Da la'asar, mutane sun ragu, maigidan ya leƙo ƙofar ɗakin da nake. Ya karɓi jaririn ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Malama, na san ba za ki kira sunan ɗan fari ba. Ga wanda za ki riƙa kiransa da shi." Ya faɗi wani suna gajere, mai daɗin faɗa. "A wurinmu haka ake ce wa ɗan fari."

Ba zan rubuta sunan a nan ba. Na maimaita shi sau uku har na iya, ya gyara mini inda ake jan murya. Na ji daɗi, domin wannan ne karo na farko da ya ba ni wani abu daga garinsu.

Washegari da hantsi ina zaune a tsakar gida gwaggo tana gasa wa yaron cibi, yana tsala kuka, ina lallashinsa da sabon sunan. Gwaggo tana yi mini tsiya wai 'yan boko ba su da kunyar ɗan fari. Baba ya fito daga bayan gida da buta a hannu. Sai na ji butar ta faɗi.

"Me kika ce?"

Na maimaita.

"Wa ya ba ki sunan nan?"

"Babansa. Ya ce haka suke ce wa ɗan fari."

Ya tsaya yana kallon jaririn, ruwan butar yana bin ƙafarsa. Sai ya juya ya fita, takalminsa ma a bakin ƙofa ya bar shi. Gwaggo ta ce, "Yaya kuma da wani sabon salo." Ita ba ta zauna Gagarawa ba tun aurenta, ba ta san komai ba.

Sunan ya kama. Gwaggo ta ɗauka, matan maƙwabta masu shigowa barka suka ɗauka. Safe da rana sunan yana tashi a tsakar gidan nan. Baba ya daina dara. Kantin ma wata rana sai azahar yake buɗewa. Tuwon da gwaggo take kai masa rabi yake dawowa, ta ce ko ciwon shawara ne, ta jiƙa masa magani. Duk Juma'a maigidan yana zuwa ganin mu, duk Juma'a kuma Baba sai ya tsiri zuwa gona tun da sassafe, alhali rani ne, babu abin yi a gonar.

Ranar da na yi arba'in maigidan ya zo ɗaukarmu. Wannan karon Baba ba shi da hanyar zillewa, dole uba ya sallami 'yarsa. Bayan azahar suka zauna a zaure. Ina ɗaki ina ɗaure kaya, gwaggo ta shigo tana tafa hannu.

"'Yar nan, mijinki wai sai an kira ki. Ni ban taɓa ganin haka ba, suruki da suruki suna magana a ce mace ta zo."

Na goya yaron na je na zauna a bakin ƙofar zaure ta ciki. Gwaggo ta tsaya a bayana. Baba yana kan buzunsa, ya jingina da bango. Maigidan yana durƙushe a gabansa kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa. Da ya yi magana muryarsa a kwance take, kamar mai tambayar lafiyar gida.

"Baba, rumbun nan na bayan gida, na ga shekara da shekaru ba a zuba hatsi a ciki. Lafiyarsa ƙalau, na duba. Me ya sa?"

Maigidan ya ci gaba.

"Baba, ka san mai sunan da ake kiran jikanka da shi?"

Baba ya ce, "Kai wane ne?"

"Ƙaninsa ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ka taɓa ganina sau ɗaya, na zo hutu daga Kano, ka ba ni rake."

Ni har lokacin ban gane ba. Na ce, "Ƙanin wa?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Akawu."

Sai ya ba da labarin, Baba yake kallo amma ni yake gaya wa. Ranar da motar mutanen nan ta iso Gagarawa daga wani gari, da adduna da gariyo, Akawu ya kwaso matarsa da 'ya'yansa biyu ya kawo su gidan amininsa. Baba ya dafa Alƙur'ani ya ce babu abin da zai same su a gidansa. Aka sa Akawu cikin rumbu. Inna ta ɗaura wa matar zanenta da kallabinta, ta ba ta taɓarya ta tsayar da ita a bakin turmi, yaran kuma ta tuɓe musu riga ta shafa musu toka ta tura su cikin yaran maƙwabta. Mutanen suka shigo da hantsi. Suka duba ɗakuna, suka duba turken awaki, ba su ga kowa ba. Sun riga sun juya. A bakin ƙofa babbansu ya waigo ya ce in suka ji daga baya an ɓoye Inyamuri a gidan nan, za su dawo.

Maigidan ya ce, "Sai ka nuna musu rumbun. Ba da hannu ba, da baki. Matar yayana tana riƙe da taɓarya tana kallonka."

Baba ya ce, "Da sun ƙona gidan. Akwai mata a ciki."

"Sun riga sun fita, Baba."

"Da sun dawo."

"Wataƙila."

Maigidan ya ce a bayan dangarmu suka kashe Akawu, matarsa tana daka, domin Inna ta riƙe mata hannu a kan taɓaryar ta ce in ta tsaya ita ma ta mutu. Da la'asar Inna ta damƙa ta da yaran a hannun wata Bafulatana mai kawo nono, aka bi da su ruga ruga har suka tsallaka iyaka ta bayan Maigatari. Wata huɗu suka yi kafin su isa gida. Ƙaramin yaron yunwar yaƙi ta kashe shi daga baya.

"Keken ɗinkin da ke ɗakinki nata ne. Ni na ƙona murfin da dutsen guga, ta yi mini faɗa."

Ya ce shi ma ya yi yaƙin, a wancan ɓangaren, can ya samo tabon wuyansa. Da aka gama ya dawo Kano ya yi shekara biyu yana shiri. Ya ce ranar da ya fara gyara wa Baba keke, Baba ya sunkuya yana nuna masa sarƙa, shi kuma yana tsaye a kansa da ƙaton sifana a hannu, babu kowa a wurin.

"Sai na ga in na buga, ka huta. Kai ba ka ma san dalili ba."

Gwaggo ta fara salati, ta ture ni ta shiga zauren. "To sallar fa? Auren fa? Kafiri muka ba 'yarmu?"

Ya ce, "Gwaggo, na yi shahada a gaban limami a Kano kafin in zo. Ranar ƙarya nake yi. Yanzu ni ma ban sani ba."

Ban yi kuka ba. Abin da na fi tunawa shi ne yaron yana barci a bayana, numfashinsa yana dukan wuyana, nonona kuma ya cika yana jiƙa mini riga. Na ce, "Ni fa? Me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba."

"To don me ni?"

Sai lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ke kaɗai gare shi."

Ya ce zai koma Kano, daga nan ya wuce gida. In ina so in bi shi da yaron, zai riƙe ni da gaskiya, domin abin da ya fara da ƙarya ya zo ya fi ƙarfinsa. Haka ya faɗa. Wataƙila ma gaskiya ne. Amma na tuna yadda ya zauna a bakin ƙofata yana gyara mini inda ake jan murya a sunan yayansa, yana murmushi, ya san gobe zan faɗe shi a kunnen ubana. A lokacin yana sona, in ji shi. Na tashi na shiga ɗaki na yago takarda daga littafin shirin darasina, na kawo masa da biro. Ya rubuta saki ɗaya. Ya ce in ba shi yaron ya ɗauka a hannu kafin ya tafi, na ce a'a. Ya durƙusa ya yi wa gwaggo sallama, ya tada babur ɗinsa. Har yau ban yanke wa kaina ko hana shi ɗaukar yaron daidai ne ba.

Muka zauna mu uku a zauren har ƙarar babur ta ɓace. Ina jiran abin da Baba zai ce. Na ɗauka zai yi kuka, ko ya ce in yafe masa, ko ya ce ƙarya aka yi masa. Ya gyara zaman hularsa, ya dubi gwaggo, ya dube ni.

Ya ce, "Kada maganar nan ta fita daga gidan nan."

Ba ta fita ta bakinmu ba. Muka ce ya sami aiki a Ikko ni kuma na ƙi binsa. Aka yi ta zancen auren baƙo, da 'yan boko da ba sa zaman aure. Gwaggo ta je Gumel ta kwaso kayana a motar haya, ta jibge keken ɗinkin a kusurwar ɗakin Inna, ban sake ɗora ƙafa a kansa ba. Na nemi a mayar da ni makarantar Gagarawa aka yarda. Sau ɗaya, bayan na yaye yaron, na hau jirgi na je Kano na nemi garejin da yake faɗa. Akwai garejin, akwai mai garejin, ya ce ya daɗe da tafiya kudu bai bar adireshi ba. Ban san abin da zan ce masa ba da na same shi.

Damina ta biyu Baba ya faɗi a kanti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Gwaggo ta koma kan injinta, saura ni. Shekara uku ina dawowa daga makaranta in dama masa kunu in ba shi a baki, in juya shi, in wanke shimfiɗarsa. Ban taɓa barinsa da yunwa ba, ban taɓa barinsa cikin ƙazanta ba. Sai a tsakiyar wannan hidimar na lura in ya yi magana to kawai nake ce masa, da irin muryar Inna.

Sunan kuwa ban daina ba. Gwaggo ta roƙe ni, ta ce in ji tsoron Allah, tsoho ne mara lafiya. Na ce yaron ya riga ya saba, da shi yake amsawa. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Ina sane nake tsayawa a ƙofar ɗakin Baba in ƙwala wa yaron kira, ko da yana kusa. Wanda ya kawo sunan ya yi tafiyarsa bayan kwana talatin da uku. Ni na ci gaba da aikinsa shekara huɗu, babu wanda ya sa ni.

Wata rana ina ba shi kunu ya kau da baki. Da ƙyar maganar ta fito. "Ki sake masa suna."

Na ajiye ludayin. Na ce, "Baba, wane ne mai sunan? Faɗa mini da bakinka, sau ɗaya, in sake."

Na yi nufin in cika alkawarin. Na jira. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, leɓensa yana motsi. Sai ya ce kunun ya huce, in ɗumama. Na tashi na ɗumama.

Ya rasu da kaka, ana yankan gero. Jama'a ta taru sosai. Daga cikin gida ina jin liman yana cewa an yi rashin dattijo mai riƙon amana, mutane suna amsawa da Allah ya jiƙansa.

Ranar sadakar uku muna dakan gumba da matan unguwa. Yaron ya ɗebo ƙasa zai zuba a turmi, na daka masa tsawa da sunansa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda dangarta ke haɗe da tamu tun kafin a haife ni, tana zaune tana tsince gero. Ba ta ɗago ba ta ce, "Allah sarki. Haka matar Akawu take kiransa in abinci ya nuna, daga gidansu muna ji."

Na tsayar da taɓarya. Na ce, "Iya, kin san sunan?"

"Yo wa bai sani ba, 'yar nan? Tun ranar da muka shigo barka muka ji shi a bakinki muka gane. Mijin naki ma, tafiyarsa kaɗai ta isa, tafiyar Akawu ce sak."

"Tun kafin aure?"

"Wasu dai sun yi zargi."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ta busa geron da ke tafinta, ta watsa a ƙwarya. "Wa zai fara? Ranar nan ai duk muna nan. Kowa yana bayan dangarsa."

Na dubi sauran matan. Su shida ne, huɗu sun girme ni nesa. Waɗanda suka yi mini lalle ne ranar aurena, suka yi guɗa, suka raka ni har Gumel a bayan akori-kura. Babu wadda ta dube ni. Ɗaya ta ce gumbar tana son ƙarin sukari, ɗaya ta tashi ɗaukowa. Na ci gaba da daka, domin akwai mutane a waje suna jiran sadaka.

Da zangon karatu ya ƙare na nemi canji, aka tura ni Sule Tankarkar, inda ban san kowa ba. Na rufe gidan, na ba gwaggo makulli. Ranar da za mu tafi matan unguwa suka fito rakiya har bakin mota, da ƙunshin kuka da daddawa, suna cewa in riƙa leƙo su. Na karɓi ƙunshin na gode musu ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a can, ban leƙa ba.